Ranar da Rauta Ta Shaƙe a Arkilla

Sufeto Tambari bai gama shan kununsa ba aka shigo masa da wata mata mai suna Fauziyya, idonta jawur, mijinta Jafar na biye da ita yana rarrashi.

"Yallaɓai, jarabawar ɗaukar ma'aikatan jinya munka zauna a santar kwamfuta ta Alhaji Mode," in ji ta. "Muna farawa intanet ya ɗauke har lokaci ya ƙare. Bana ce ta ƙarshe gare ni, shekaruna sun kai iyaka."

"Kai kana ina?" Tambari ya tambayi mijin.

"Aje ta kawai na yi bakin ƙofa, na wuce shagona na gyaran waya a Sabon Gari."

Tambari ya tsani irin wannan ƙara, wadda babu gawa babu ɓarawo, sai mutanen da aka cuta. Ya ɗauki Atika, injiniyar sashensu, suka nufi Arkilla.

Alhaji Mode ya tarbe su da rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. "Matsalar kamfanin intanet ce. Lambar sirrin waifai ɗinmu kuwa babu mai ita sai ni."

Atika ta durƙusa gaban rautar, ɗan akwatin da ke raba wa kwamfutoci intanet. Ba ta daɗe ba ta ɗago.

"Ba kamfani ba ne, yallaɓai. Wata kwamfuta ta yi ta antayo mata saƙonnin banza, dubbai a kan dubbai, har ta kasa sauraron kowa. Kuma daga cikin gidan nan anka yi."

Tambari ya leƙa tsakar gida. Rumfa ce da tabarmi da randar ruwa, inda masu rakiya ke jira. Ya juyo ya zuba wa Alhaji ido.

Alhaji ya sosa ƙeya. "Baƙo ya zamna gidanka, ka ba shi ruwa, ya roƙi waifai, ka ce a'a? Ni ban iyawa."

"Sai ka ware musu layinsu daban," in ji Atika. "Ka ƙayyade abin da kowace na'ura za ta iya turowa, ka sabunta manhajar rautar. Ko ɗaya ba ka yi ba."

Karamcin ya ba Tambari haushi, don masu jarabawa arba'in ya jawo wa asara. Ya aika a kira Jafar, wai ya zo da kwamfutarsa ya taimaka, tunda sana'arsa ce.

Jafar ya iso da fara'a, Fauziyya na bayansa. Yana buɗe kwamfutar ta kama waifai ɗin santar da kanta, babu wanda ya ba shi lamba. Atika ta dubi allonta, ta gyaɗa wa sufeto kai, alamar ita ce ta yi ɓarnar.

"Ka ce ƙofa kawai ka tsaya," Tambari ya ce. "Ina kwamfutarka ta san gidan nan?"

Jafar ya sunkuyar da kai.

"Gaban mahaifinta na yi alkawari in ta ci za ta tafi aikin Abuja," ya ce a hankali. "Dattijo ya sa mini albarka gaban mutane. Da wane baki zan koma in ce na fasa? Na ɗauka in ta faɗi, shi ke nan, kowa ya ce ƙaddara ce."

"Sauran da sunka zauna tare da ita fa?" in ji Tambari.

Jafar ya kau da kai gefe.

Tambari ya kira hukumar jarabawar a gabansu. Suka ce sakacin santa ne, ba za a sake ba. Ya kashe wayar ransa a ɓace, don ya kama mai laifi amma bai ceto kowa ba.

Wani kofur ya sa wa Jafar ankwa. Fauziyya ba ta yi kuka ba. Ta matsa ta gyara masa hular da ta karkace, kamar yadda ta saba kowace safiya.

"Kai ka riƙa yi mini bitar karatu, Jafar," ta ce. "Da ka ce mini a'a tun farko, wallahi da na zamna."

Aka wuce da shi mota, ita kuma ta tsaya bakin titi tana jiran keke.