Kwamfuta ta Bakwai

Ranar da mai gyaran intanet ya fara shiga wani ƙaramin ofishin fassara, ya tarar da 'yar mai ofishin idanunta sun yi jajur. Layin waya ɗaya gare su, kuma na'urar haɗinsu ba ta kiran waje sai wata kwamfuta ta nemi intanet. Amma ga ta nan duk minti goma sai ta kira, ta toshe layin, masu kawo aiki su gaji da bugo waya su koma wani wurin.

"Baba ya ce ni ce nake hira da wani a ɓoye," ta faɗa masa.

Tausayinta ya kama shi, daga tausayi kuwa abin ya zarce. Kwana uku yana zuwa, ya bi kwamfutoci shida ɗaya bayan ɗaya, kiran bai daina ba. A rana ta huɗu Baba ya tare ƙofa.

"Yanzu na gane wanda take hirar da shi. Kada ka sake tako mini nan."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Injiniyana, ga rahoton na'urar na kwafo maka. Ka wanke ni, ko da ba za mu sake haɗuwa ba."

Ya duba, ya amsa: "Sanyin idona, duk kiran daga lamba ta bakwai yake fitowa. Ba shida gare ku ba?"

Ta rubuto: "Ta Mama ce."

Tun rasuwar Mama bara Baba ya kulle ɗakinta na ƙarshen baranda, bai iya kashe komai ba. Kwamfutarta na nan kunne, tana leƙa akwatin saƙonninta duk minti goma.

Washegari, da 'yar ta faɗa masa, Baba ya sa aka kira mai gyaran, ya buɗe ɗakin da hannunsa. Tabaran Mama na kan tebur. Ya dubi 'yarsa ya nemi gafararta, sannan ya juyo ga mai gyaran.

"Kashe ta za ka yi?"

"A'a, Baba. Zan hana na'urar kira dominta ne kawai. In wani ya buɗe layi, ita ma sai ta leƙa."

Bayan wata biyar aka ɗaura musu aure. Baba ya riƙe hannun angon, hawaye na zuba.

"Ta yi ta kira har sai da ka zo. Allah ya yi muku albarka."