Tawadar Zaɓen Balmira

Da hantsi aka kira Insfekta Mijinyawa zuwa wani sito a unguwar Al Quoz ta Dubai, cikin zafin Agustan 2020 da ko takunkumin fuska jiƙewa yake yi. Aron sa aka yi daga 'yan sandan Najeriya, don duk ƙarar da ta shafi Bahaushe a Dubai a samu mai jin bakinsa. Aikin bai taɓa kwanta masa a rai ba, domin yawanci abin kunya ake kiransa ya gani.

Abin da ya tarar katan-katan ne na tawadar zaɓe, irin wadda ake shafawa a yatsa don kada mutum ya kaɗa ƙuri'a sau biyu. Ta ƙasar Balmira ce, wani ɗan tsibiri a tekun Indiya da mutanensa ba su kai na ƙaramar hukuma guda a Kano ba. Wakilin 'yan adawa da ya zo ganin lodi ya kafe sai an gwada. Aka shafa masa, ya wanke da sabulu, ta fita tas.

Nan take jami'in hukumar zaɓen tsibirin, wani dogo mai kwat da ake kira Zainul Abideen, ya ɗora laifin a kan wadda ta haɗa tawadar. Halima Sa'adiya ce, 'yar Zariya, mai kula da sinadarai a kamfanin da ya samu kwangilar. Kafin Mijinyawa ya iso har an wuce da ita caji ofis. Idan laifin ya tabbata a kanta kurkuku ne, daga nan a tasa ƙeyarta gida da baƙin suna.

Wakilin 'yan adawan ya ja shi gefe yana huci. Ya ce gwamnatinsu ta sayar wa jiragen ƙasashen waje ruwan da masunta ke ci a ciki, ta janye tallafin shinkafa, sannan ta damƙa shigo da ita a hannun 'yan lelenta. Mutane sun gaji, wannan zaɓen kaɗai suke jira. Ran Mijinyawa ya ɓaci, don ya san labarin nan ciki da waje, sunan ƙasar ne kawai aka canza masa.

Ya juya kan Zainul Abideen. "Daga kamfani, ina kayan nan suka biya?"

"Babu inda suka biya. Kai tsaye aka kawo su nan."

Mijinyawa ya buɗe kwalba ɗaya, ya sauke takunkumi, ya sunsuna. Ƙarƙashin warin rini akwai wani ɗan ƙamshi da kowane mai zuwa Juma'a ya sani, ƙamshin turaren ud. Ya buɗe wata daga wani katan, ya ji haka.

A caji ofis ya iske Halima zaune a miƙe, idonta jawur. Ba kuka take yi ba, fushi ne ya cika ta har wuya.

"Malama, kina sa turare a tawadarki?"

"Yallaɓai, tawada nake haɗawa, ba humra ba."

Ta yi masa bayani cewa ta gaskiyar idan ta taɓa fata ba ta nuna kanta sosai, sai ta ga rana take rikiɗewa baƙi ƙirin, kuma ba sabulu ba, ko fetur ba ya fitar da ita sai fatar ta sake da kanta. Ya tambaye ta wa ya ɗauki kayan. Ta ce motar kamfani a shirye take, amma Zainul Abideen ya ce yana da mai kargonsa, wani Bahaushe, Alhaji Abdulganiyyu na unguwar Al Ras. Ranar Alhamis aka ɗauka.

Mijinyawa ya buga wa mai gadin sito waya, mai gadin ya ce masa sai Asabar kayan suka shigo. Ashe "kai tsaye" ɗin mai kwat har da kwana a hanya.

Shagon Alhaji Abdulganiyyu yana wani lungu a Al Ras, tsakanin masu citta da kanumfari. Gaba turare ne, baya kargo. Mijinyawa ya bar jami'in Dubai da ke tare da shi a mota, ya shiga shi kaɗai. Alhaji ya tarbe shi da fara'a fiye da kima, mutum ne mai jiki da tabon salla, hannayensa cikin safar roba.

"Marhaban, habibi. Korona ta hana mu gaisa."

"Alhaji, ina tawadar nan ta kwana?"

"A mota, ranka ya daɗe. Taya ce ta yi faci. Ni ko kwali ban taɓa ba, wallahi. Khalas, magana ta ƙare."

Mijinyawa ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya ce tunda ya zo bari ya saya wa uwargida turare. Alhaji ya ɗauko kwalba, ya cire murfi, kuma kafin ya ankara hannunsa ya riga ya kai bakinta kan bayan hannun hagu, ya ɗiga a kan roba. Ya yi 'yar dariya ya goge. Haka masu turare suke, ko ruwan batir ka miƙa musu a kwalba sai sun ɗiga a bayan hannu sun sunsuna.

Insfekta ya ga wannan, sai ya ja kujera ya zauna.

Da aka kira Azahar ya ce su yi alwala a famfon baya, tunda an rufe na masallaci saboda cutar. Alhaji ya ce yana da alwala. To, madalla. Suka yi salla, suka dawo, Mijinyawa ya aika a kawo shayi. Ya yi ta tsiyaya wa mai shago kofi bayan kofi yana masa hirar Kantin Kwari, shi kuwa kunya ta hana shi cewa ya isa. Can gab da La'asar Alhaji ya fara mutsu-mutsu a kujera, ƙarshe dai ya nemi uzuri ya zagaya.

Yana fitowa ya tarar da Insfekta tsaye a bakin famfo, riƙe da buta.

"Bismillah, Alhaji. Yanzu dai ta karye."

Alhaji ya zare safar dama, ya tsaya. Mijinyawa ya kama ta hagun ya fizge. A bayan hannun akwai baƙin tabo kamar kwabo, fatar kewaye da shi ta yi ja saboda dirza.

Alhaji ya zauna a kan bokiti ya fara zuba. Zainul Abideen ne ya kawo aikin, da alkawarin idan gwamnati ta zarce za a ba shi lasisin kai shinkafa tsibirin. Shi Alhajin ne ya juye tawadar gaskiyar a duro, ga shi can bayan buhuna, ya ɗura rini a kwalaben da mazurarin turarensa. Kwalbar farko da ya buɗe, hannu ya yi abin da ya saba tun yana saurayi. An kuma shirya tun farko cewa in asiri ya tonu, a kan matar za a jibga.

"Ka san 'yar mutane za ta tafi kurkuku?"

"Ya ce za a sake ta daga baya. Kuma Insfekta, tsakani da Allah, ai ba ƙasarmu ba ce."

Mijinyawa ya ji kamar ya kwaɗa masa butar. Ya daure. "Da wannan bakin kuke zama a nan kuna zagin masu satar akwati a gida. Kai ka fito da halin ne har ƙasar waje. Tashi."

Jami'in Dubai ya shigo da ankwa, wasu kuma suka wuce otal ɗin Zainul Abideen a Al Rigga, inda suka same shi ya gama ɗaure jaka yana jiran tasi.

Ana shiga da Alhaji caji ofis ana fitowa da Halima, suka haɗu a baranda. Ta kalli hannunsa cikin ankwa, ta daɗe tana kallo. Shi kuwa, maimakon ya nemi gafararta, sai ya sassauta murya.

"'Yata, don Allah da me ake fitar da ita? Kada iyalina su gani."

Halima ta gyara mayafinta. "Ba ta fita, Alhaji. Haka na haɗa ta."

"Yalla, mu tafi," in ji jami'in, ya ja shi ciki.