Takardar da Auta Ta Ara

Da dogon hutu ya kusanto, ɗakin karatu na unguwa ya sanar cewa yana neman ɗaliba mai taimakawa. Duk mai so ta kawo takardar bayanin kanta: karatunta, abin da ta iya, da sunan wani babba da zai shaide ta.

Auta ta daɗe tana sha'awar wurin. Ta zauna da biro da farar takarda, amma ta rasa abin rubutawa. A ganinta ba ta iya komai ba. Aikinta kullum shi ne karanta wa Kaka jarida tun da idanunsa suka yi rauni, da liƙe masa tsofaffin littattafai da gam.

Sai ta buɗe akwatin yayarta, ta ɗauko takardar da ta nemi aikin ofis da ita, ta kwafe tsaf. Ta rubuta cewa ta iya kwamfuta, kuma ta taɓa tsaron kantin littattafai. A ƙasa ta sa sunan malamin ajinsu, ba tare da ta gaya masa ba.

Yaya ta leƙo ta yi dariya. "Auta, yaushe kika zama ni? Ke da ko kunna kwamfuta sai an nuna miki?"

Auta ta murguɗa baki, ta ce ai babu mai bincike.

Ana gab da rufe makaranta, Malam ya kira ta ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shugabar ɗakin karatun ta buga masa waya, ta tambaye shi batun kwamfuta da kanti.

"Me ka ce mata, Malam?"

"Na ce ban san wannan yarinyar ba. Wadda na sani ba ta taɓa tsaron kanti ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Malam ya ƙara da cewa, ba mai kwamfuta suke nema ba. Suna neman wadda za ta karanta wa ƙananan yara labari, ta gyara littattafan da suka yage.

Wannan maganar ce ta fi ci mata rai.

Aka ba wata 'yar ajinsu aikin. Duk hutun, in an aiki Auta, sai ta hango ta ta taga tana jera littattafai. Daga baya ta daina bin hanyar gaba ɗaya.

Kaka ya ji muryarta ta canja wajen karatu. Ya matsa mata, ta faɗa masa komai.

"Ashe ni da jaridata ba aiki ba ne?" in ji shi. "To, na gode, ranki ya daɗe."

Auta ta yi dariya da hawaye a idonta.

Ta sake rubuta takarda, gajera, babu ko kalma ɗaya ta aro. Da aka koma makaranta, ta fara kai wa Malam takardar, ta ba shi haƙuri, ta nemi izinin sa sunansa. Ya karanta a nitse, sannan ya ce, "Wannan kam na san ta."

Shugabar ɗakin karatun ta karɓi takardar, ta ce aikin hutu ya wuce, amma yara suna zuwa kowace Asabar kuma babu mai karanta musu. Auta ta ce ita za ta riƙa zuwa.

Asabar ta farko, yaran suka kewaye Auta, suka ƙi tashi har ta rufe littafin.

Auta ta koyi cewa mai neman aiki ya rubuta gaskiyar abin da ya iya, komai ƙanƙantarsa, kuma kada ya sa sunan kowa sai da saninsa.