Ɗaurin Gidan Alhaji Sidiku

Fatawu, wanda ya ci wasan, bai jira an kwance masa ƙunshin kuɗin ba. Wuƙarsa ta yankan albasa ya zaro, ya datse igiyar, ya buɗe ƙunshin a kan koren teburin wasan sunuka a gaban mutum fiye da ɗari. Ko sidi ɗaya babu a ciki. Tsohuwar jarida ce aka yayyanka daidai girman takardar kuɗi, aka jera ta tsaf a cikin ganyen naɗe goro.

Rumfar Ɗanlarai mai tebur ta fashe da ihu.

Wata guda ke nan ana zancen wannan wasa a Salaga. Fatawu ɗan albasa ne daga Bawku, Mutaru kuwa tela ne daga Yendi, kowa garinsu na rantsuwa ba a taɓa haifar mai riƙe sanda irinsa ba. Kowane ɓangare ya zuba sidi dubu ɗari biyu, wanda a 1990 ba kuɗin wasa ba ne. Mutaru kekunan ɗinkinsa biyu ya sayar. Aka zaɓi Salaga don kada a ce wani ya buga a gidan ubansa. Aka zaɓi Alhaji Sidiku, tsohon ɗan goro, ya riƙe kuɗin, domin shekara arba'in mutane na ba shi ajiya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shi da caca ko a hanya ba sa gaisawa, sai da aka yi kwana uku ana roƙonsa, aka ce idan ba shi ba jini za a zubar.

Azara, babbar 'yarsa, tana tsallaken titi tana zuba wa mutane shinkafa da wake lokacin da ta ji an ambaci sunan ubanta da kalmar ɓarawo. Ludayin ma a hannunta ta tsallako da shi.

Wani kofur na 'yan sanda ya riga ya zaunar da tsohon a kan benci, ya tsaya gabansa yana kare shi da kulki. Mutanen Bawku na cewa an haɗa baki da Yendi. Mutanen Yendi, waɗanda minti biyar da suka wuce kamar an yi musu mutuwa, yanzu har da masu dariya. Wani ma can gefe bai san bikin da ake ba, yana ta musu cewa ƙwallon ƙarshe sa'a ce kawai.

"Baba, ka yi magana mana!" in ji Azara.

Alhaji ya dubi ƙasa. "Amana a hannuna take. Ba ni da abin cewa."

Kai, wannan magana ta ƙona mata rai. Ta juya ga kofur. "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa la'asar."

"Zuwa la'asar," in ji shi. "Motar Bawku na tashi bayan salla, kuma waɗannan ba za su hau ba sai sun ga wani a kulle. Idan ba ki kawo mini kowa ba, da tsoho zan tafi."

Ta fara da abin da ke kan tebur. Tsumman buhu ne a waje, ganye a ciki, sai igiyar da aka datse. Da yake yankawa aka yi, ƙullin yana nan yadda aka ɗaura shi: zagaye biyu, a soke, a bar ɗan wutsiya. Jan wutsiyar nan sau ɗaya ya isa ya warware komai. Nan take ta gane ƙullin. Ɗaurin gidansu ne, tun kakansu da ya zo da ayari.

"Fatawu, me ya sa ka yanke igiya?"

"Sista, to yaya zan yi? Mu a Bawku ɗinke bakin buhu muke da basilla. Ni dai kuɗina ya fito!"

"A gabanka aka ɗaure kuɗin?"

"A gabana da wancan tela, da hantsi, a zauren Alhaji. Ya kai shago ya kulle, muka tafi Juma'a. Da aka sauko ya ɗauko, yana kan cinyarsa har aka gama."

Mutumin da bai san ana jan wutsiya ba, ba shi ya ƙulla ba. Ta bar shi. Kuma tun da a kan cinyar tsoho ƙunshin ya zauna a gaban idon kowa, ba a rumfa aka yi musanya ba. A shago aka yi, lokacin salla.

Mutaru na zaune a kan akwatin lemo, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Kai ka fi kowa riba idan kuɗin nan ya ɓata," ta ce masa. "Ina kake lokacin salla?"

"Sahu na uku. Tambayi mutanen Bawku. Biyu a dama, biyu a hagu, har a sujada ido ɗaya na kaina, wai kada in kai wa malami sunan gwaninsu."

Wani ƙato daga Bawku ya gyaɗa kai da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori.

"Yaya Azara," Mutaru ya ƙara, muryarsa ta sauka, "da na san babu komai a ƙunshin nan, kina ganin hannuna zai yi rawa a kan baƙar ƙwallo? Tazarar taƙi ɗaya fa na zubar. Gobe ban san da me zan buɗe shago ba."

Ta yarda da shi, duk da ba ta so ba.

Saura Ɗanlarai mai tebur, wanda kowa ya san bai je masallaci ba.

"Guga nake yi wa tebur," in ji shi. "Dutsen gawayi, daga kai zuwa gindi, sai an yi sannu. Ke da kanki kin gan ni daga tsallake, har kika ce Allah ya shirye ni."

Gaskiya ne, ta faɗa. Duk da haka ta jefa masa guntun igiya. "Ɗaure mini wannan tsumman." Ya ɗaure shi kamar mai ɗaure akuya a turke, har wasu suka yi dariya. Azara ba ta yi ba. Mutum uku ne a duniya ke wannan ƙulli: ubanta, ita, da autansu Abdul-Rahim, wanda tun safe ya ce zai tafi tasha lodin goron Bawku. Ita wuni ta yi gaban tukunya. Ta dubi rana, ta karkata.

Ta koma kan tebur, ba don ta san abin da take nema ba, sai don ƙafarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta ɗebi jaridar, sai ta ji ta manne da juna. Baƙin tawada ya kama mata yatsu. Ta shafa ganyen: ɗanye, mai sanyi. Inda ƙunshin ya zauna a kan koren ƙyallen ma ya bar tabon laima.

"Fatawu! Mutaru! Ganyen da Baba ya naɗe kuɗin da safe, wane iri ne?"

Suka dubi juna, karo na farko tun safe.

"Busasshe," in ji Mutaru. "Ƙaras-ƙaras yake yi."

"Har na tambaye shi," in ji Fatawu. "Ya ce goro ke son ruwa, kuɗi ruɓewa yake."

Azara ta waiwayi ubanta. Tsohon ya ɗago ya dube ta, ya girgiza kai a hankali, sau ɗaya. Ta gane abin da yake roƙo. Ta kau da ido.

"Kofur, biyo ni tasha."

Ba ta san lokacin da ta fara gudu ba. A tasha ana ta ɗora doyar Kpandai a motar Bawku, direba na hura ƙaho. Can gefe a inuwa ga huhunan goro a jere da ƙananan ƙunsuna a kansu, ga Abdul-Rahim da kwanon ruwa yana yayyafa musu kafin a loda, yadda duk ɗan goro ke yi. Sabon takalmi ne a ƙafarsa. Ta riƙe hannun kofur, suka tsaya bayan wata mota suna kallo. Ya yayyafa wa na farko, na biyu, na uku. Da ya zo kan na huɗu, hannunsa ya tsallake.

Ta fito, ta ɗauki na huɗun. Ƙaras, in ji busasshen ganyen da ke ciki. Ta ja wutsiyar igiya sau ɗaya, ganye ya buɗe, jajaye da korayen takardu suka leƙo.

Kwanon ya faɗi daga hannunsa. "Yaya..."

"Ina za ka?"

"Bawku." Ya nuna motar. "Daga can Wagadugu, sai Agadas. Akwai mai ketare da mutane Libiya. Shekara biyu kawai, Yaya, zan mayar musu ninki biyu. Kuɗin caca ne fa! Shekarata ashirin da huɗu a duniya, har yanzu ina yayyafa wa goro ruwa, sana'ar da ta riga ta mutu."

"Shi kuma tsohon da ka bari a benci?"

"Na ɗauka ba wanda zai taɓa shi. Wa zai yarda Baba ya yi sata?"

Ita ta goye shi a bayanta shekarar da uwarsu ta rasu. Ta so ta mare shi, ta so ta ce masa ya ruga, ba ta yi ko ɗaya ba.

A rumfa, kofur ya ce ta yi wa jama'a bayani, ta yi shi a tsaye, muryarta a bushe. "Ya san Baba zai naɗe kuɗin kamar goro, saboda haka ya shirya nasa ƙunshin tun jiya. Yana da makullin shago. Ana tayar da salla ya shiga ya musanya. Bai ga cikin na Baba ba, sai ya yi abin da hannunsa ya saba: ya ɗauki ɗanyen ganye, ya yayyafa ruwa. Baƙo ba zai iya ƙullin ba. Baba ba zai jiƙa kuɗi ba. Wanda ya rage shi ne ɗan goron da ya jiƙa jarida, ya kuma ƙi jiƙa ƙunshi guda a tasha."

Fatawu ya rungume kuɗinsa. Waɗanda suka fi ɗaga murya ɗazu suka fara durƙusawa gaban Alhaji suna neman gafara. Bai ko dube su ba. Azara ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, ka sani?"

"Tun da na ɗauko shi a shago. Na ji sanyi a cinyata."

"Kuma ka yi shiru ana ce maka ɓarawo?"

"Motar sai la'asar za ta tashi," in ji shi. "Jira nake in ji ƙahonta."

"Sunanka fa, Baba? Shekara arba'in!"

"Ni na ci moriyar nawa sunan, Azara. Shi bai ko fara ba. Da ya tafi, gidan zan sayar in biya su."

An kira la'asar. Kofur ya tura Abdul-Rahim gaba, suka nufi caji ofis. Tsohon ya dafa benci zai miƙe ya bi su. Azara ta kama hannunsa za ta taimake shi. Ya zare hannun a hankali, ya miƙe da kansa, ya bi bayan ɗansa.