Birkin Motar Gonar Adda

Idan ka zauna a garejin Ilu Bakanike da ke Gumel, a bakin titin Maigatari, kafin shayinka ya huce za ka ji abu biyu: bai taɓa jin tsoron wani abu mai taya ba, kuma bai taɓa fita neman kayan mota ya dawo hannu rabbana ba. Yana faɗa yana dukan ƙirji. Ƙirjin kuwa ba wani na a zo a gani ba ne.

Ya daɗe yana tayar da gingimarin mahaifinsa, tsohuwar mota mai bodin katako, irin waɗanda suka yi jigilar gyaɗa. Inji ya tashi, fenti ya hau. Abu ɗaya ya rage, birkin hannu. A irin waɗannan motoci yana can ƙarƙashin ciki: wata 'yar ganga a jikin farfela mai juya ƙafafun baya, da takalman birki biyu, da sifirin mai riƙe su. Na motar Ilu tsatsa ta cinye. Ya je Ƙofar Ruwa a Kano, aka yi masa dariya. Ya tsallaka Damagaram, wani dattijo ya ce rabonsa da ganin irinsu tun yana da haƙora. Mota ba birki kuwa makara ce mai fenti.

Sai abokinsa Gudaji, direban motar haya, ya ce akwai 'yar'uwarta yashe a wata gona tsakanin Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar, a kan tsohuwar hanyar da aka daina bi.

"'Yan gwangwan ba su gan ta ba?"

"Sun je sau ɗaya," in ji Gudaji. "Ba su sake ba."

Ran Laraba bayan la'asar Ilu ya ɗaure jakar sifanu a babur ya kama hanya. Ya sami motar a tsakiyar wake. Tayoyinta sun ruɓe, ƙarafunan ƙafafun sun nutse cikin rairayi. Mai gonar, wata tsohuwa da ake kira Adda, tana roron wake a gefe.

"Sannu da aiki, Inna."

Ta dubi jakarsa kafin ta dubi fuskarsa. "Ɗauki madubi, ɗan nan. Ɗauki ƙofa in kana so. Birki dai kar ka taɓa. Direbanta da hannu biyu ya ja shi, ya dira ya bar hularsa. Kasuwar Maigatari za su. Bai ce wa fasinja su sauka ba, su kuma ba su sauka ba."

Ilu ya leƙa bodin. Katako ne kawai da kashin tsuntsaye. "Wane fasinja, Inna? Ai wayam."

"Shi ma da ya waiwaya haka ya gani."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ilu ya jira har ta ɓace a bayan dawa, ya yi 'yar dariya don ya ji muryar mutum. Sannan, da yake shi gwani ne, ya nemo dutse ya yi wa ƙafar baya waigi. Ya tone rairayi da hannu, ya yi rami daidai jikinsa, ya shige da baya.

Ƙarƙashin da sanyi. Ƙarfe bai fi taƙi ɗaya daga hancinsa ba. Ya haska wayarsa, sai ga gangar birki lafiya lau, har da maiƙo, kamar jiya aka shafa. Da mai hankali ne, nan zai tsaya ya tambayi kansa wa ke shafawa. Ilu kuwa cewa ya yi, "Alhamdulillahi."

Noti na farko ya kwance ba gardama. Na biyu ma. Ya zare sifirin ya jefa a aljihu. Ya ja takalmin farko.

Motar ta yi ajiyar zuciya.

Haka ya ji. Wani dogon numfashi daga kai har wutsiya, tsatsa ta zubo masa a ido.

Sai wari. Daddawa, da man shanu, da fitsarin awaki, da zufar mutanen da suka daɗe a matse. Katakon da ke samansa ya yi ƙara. Wani ya gyara zama. Wani ya yi tari. Akuya ta yi kuka, aka buge ta.

"An saki," wata murya ta raɗa.

"An saki. An saki." Maganar ta bi bodin daga gaba zuwa baya.

Ilu ya juya zai fita ta inda ya shigo. Ƙafafu ne a wurin. Sun sauko daga bodi, jere, suna lilo, duk faso da ƙura. Sun toshe ramin. Ɗaya gefen kuma rairayi ne har bakin ƙarfe.

"A cire waigi?" wani ya tambaya daga baya.

"Cire."

Wani hannu ya sauko. Ya yi ta saukowa, ba gwiwa. Ya lalubi dutsen, ya ɗauke shi kamar ƙwallon goriba.

Ƙarfe ya yi kuka. Farfela ta juya a gaban idonsa, a hankali.

Ba gangara a gonar nan. Ba inji. Motar tana tafiya.

Ya ɗaga kai ya dubi wajen ƙafafunsa. Tulun aksul, ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, baƙi, ƙato, yana sharar ƙasa yana tahowa. Tsakaninsa da rairayi ko kaza ba ta wucewa.

Ya ja jiki gaba. Tukunyar giyar motar ta tare kansa.

Tulun ya taɓa tafin ƙafarsa. Ya naɗe ƙafafu. Tulun ya kama bakin rigarsa, ya fara ci.

Ilu ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, ya ji kansa yana karanta addu'ar shiga kasuwa.

Sai wani kai ya leƙo ta tsakanin ƙafafun nan, a juye. Tsohuwa ce da ɗankwali. Wuyan ya biyo ta har ƙarƙashin mota, ba kafaɗa a bayansa. Numfashinta taba da kanwa.

"Bakanike," ta ce a hankali. "An gyara?"

"Sau... saura kaɗan, Hajiya."

"Gobe kasuwa. Nonona zai yi tsami."

"Yanzu, Hajiya."

Ya lalubo takalmin birkin. Ya kuɓuce. Ya sake kamawa. Farfela na goge masa 'yan yatsu. Rigar ta shaƙe masa wuya. Tulun ya hau ƙaurinsa.

Ya cusa takalmin. Ya buga da sifana. Ya sake bugawa. Ya fizgi wata tsohuwar waya da ke reto ya naɗe, ya murɗe da haƙori.

Ƙiiii.

Motar ta tsaya.

Tsit. Can nesa, wani ƙauye ya ɗauki kiran magariba.

Tsohuwar ta dube shi, ta daɗe. "Bai gyaru ba," ta gaya wa na sama. Bodin ya ɗauki tsaki. Wuyan ya koma, ƙafafun suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Ilu ya fice daga rigar kamar maciji, ya bar wa aksul rabinta. Rabin da ya fito da shi kuwa shi ne mai aljihu. Ko mantuwa ce ta sa ya ɗaura waya a madadin sifirin, ko zuciya ce, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Tun daga ranar ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya leƙa bodi ya yi sallama. Bakinsa dai bai canza ba. Bayan kwana kaɗan yana gareji, jama'a sun kewaye shi.

"Na ce da ita, ke tsohuwa, ja wuyanki ki ba ni wuri, aiki nake. Da na duba kayan na ga ba su kai ba, sai na mayar musu da abinsu. Komai da komai, ko noti ban ɗauko ba. Ɗaurin da na yi wa motar nan, sai tashin ƙiyama."

Babur ya tsaya. Wani magidanci ya sauko, ƙafafunsa duk ƙasar gona, ya yi sallama. Ya ce shi Habibullah ne, ɗan Adda.

"Inna ta ce ka ba ni sifirin."

"Wane sifirin? Bawan Allah, yanzu nake gaya wa mutane..."

"Motar ta fita daga gonarmu. Ta tattake mana wake, ta ratsa dawar maƙwabci. Yau da safe a bakin kwalta muka same ta, ta juyo da kai nan."

Gudaji na cikin jama'ar. Ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin gingimarin Ilu, ya daɗe yana kallo. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ilu, wannan sifirin mai maiƙo fa? A Ƙofar Ruwa aka yi maka kyautarsa?"

Ilu ya waiga wajen titi.

"In za ka kwance, kwance yanzu," in ji Habibullah. "Maigatari za su, kuma hanyar ta ƙofar garejinka ta bi."