Ranar da Bakin Inna Talatu ya Karkace

Tun asuba Ummussalma take sussukar gero, ga cikin wata bakwai, ga ƙafafu a kumbure. Marainiya ce da aure ya kawo ƙauyen Maruta, kuma tun da mijinta Dabo ya tafi Kano tuƙin mota, yayarsa Kubra ta mayar da ita baiwa. Surukarta Inna Talatu kaɗai ke tausaya mata.

Da hantsi ta miƙa wa Inna ƙwaryar fura, sai hannun tsohuwar ya saki, ƙwarya ta kife. Bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita sosai.

"Inna, ɗaga hannuwanki biyu!" in ji Ummussalma.

Ɗaya ya ɗagu, ɗayan ko motsi.

Kubra ta ƙwalla ihu. "Ta zuba wa uwata sammu a fura! A kawo rubutu a ɗura mata!"

"Don Allah Yaya, kada a ɗura mata komai, ba za ta iya haɗiya ba! Shanyewar ɓarin jiki ce. Haka aka ɗura wa Babana, ya shaƙe a hannuna..."

Mari ne ya katse ta. "Mayya! Ko ruwa kin hana ta? Yau aurenki ya ƙare!"

Allah sarki! Ummussalma ta kwantar da Inna a gefe, ta kare ta da jikinta, duka na sauka a bayanta. Ta gaji, wallahi ta gaji, amma ba ta matsa ba. "Ya Allah, kai ne shaidata," take ta maimaitawa, har maƙwabcinsu Malam Maikano ya kawo bas ɗinsa.

A asibitin Birnin Kudu likita ya tambaya ko an ba ta wani abu.

"Wannan muguwar ta hana!" in ji Kubra.

Likita ya ce, "Da kun ɗura mata, da ya shiga huhunta. Hawan jini ne, Hajiya. Wannan yarinyar ta ceci uwarku."

Kubra ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da Dabo ya iso ya ga shatar duka a bayan matarsa, sai hawaye.

Kwana shida kafin harshen Inna ya ɗan sake. Kubra ta matso da sauri, Inna ta kawar da kai.

"Ke... fita."

Ta laluba da hannunta mai lafiya, ta kamo zanen Ummussalma.

"'Yata... zauna. Ki huta."

Ummussalma ta kifa kai a bakin gadon tana kuka, har barci ya ɗauke ta.