Amsar Ƙarya a Rukunin Su Nuha

A wata makarantar 'yan mata da ke Alsawra, cikin Umdurman, akwai wata yarinya mai kan lissafi. Sai dai zargi ya yi mata yawa. Ko tari ka yi kusa da ita, sai ta ce da ita kake.

Ran nan Ustaza Khadiga, malamar aljabra, ta raba aji uku-uku. Yarinyar ta faɗa rukunin Nuha da Tasnim.

"Sin biyu, a ƙara uku, ya zama goma sha ɗaya," in ji Ustaza. "Ku nemo lambar da harafin sin ya ɓoye. Bayan fatur zan ta da ɗaya daga kowane rukuni. Makinku ɗaya ne."

Ran yarinyar ya ɓaci. A zuciyarta ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Nuha ta matso. "Nawa kika samu, ya ukhti, 'yar'uwata?"

Huɗu ta samu, amma ta ce, "Biyar." Tana so ta kama masu satar amsa.

Lokacin fatur, wato karin hantsi, ɗalibai kan haɗa abincinsu su ci tare. Ita kuwa ta ɗauki burodinta, ta laɓe bayan randunan ruwa tana leƙensu. Ta ga sun zube ɗa'amiyyarsu, ƙosan Sudan, suna cusa ta cikin burodi. Suna raɗa, suna waige-waige. Can suka miƙe suna zagaya makaranta.

"Ni suke nema," ta ce. "Sun ga banza."

Da aka koma aji, Ustaza ta ta da Tasnim.

"Huɗu ne," in ji Tasnim. "Ɗa'amiyya goma sha ɗaya muka zube. Muka ware uku. Muka raba takwas cikin burodi biyu."

"Tamam, daidai ne," in ji Ustaza. "Duk kun yarda?"

Tasnim ta sunkuyar da kai. "Ita biyar ta samu, ya Ustaza. Mun yi ta nemanta mu nuna mata, kada a ta da ita ta ji kunya. Ko fatur ba mu ci ba."

Kunya ta kama yarinyar. Ta miƙe a hankali.

"Ya Ustaza, na san huɗu ne. Ƙarya na yi musu. Na ɗauka cutata za su yi."

"To, rukunin da bai haɗa kai ba, rabin maki ne nasa."

"A rage nawa ni kaɗai," ta ce, hawaye na zuba.

"Ai makinku ɗaya ne."

Nuha ta riƙe hannunta. "Malesh, ba komai. Ya Ustaza, ki ƙara gwada mu."

Ustaza ta ba su wata tambaya, wadda ta fi wuya. Suka haɗa kai su uku a kan benci ɗaya. Yarinyar ta nuna musu hanya, Tasnim ta gano mata inda ta manta lamba, Nuha ta yi bayani a allo. Suka ci cikakken maki.

Ustaza ta dubi yarinyar ta ce, "Zato zunubi, 'yata. Kafin ki zargi abokan aikinki, ki tambaye su. Wanda kike ɗana wa tarko, wataƙila alheri yake bin ki da shi."